Kiwon Lafiya: Ga Ci, Ga Rama

A Madakiya, kusa da Kafanchan, akan sami magidanci da aka sallamo daga asibitin koyarwa na Shika ko na Jos, an ce ciwon daji ya kama masa fankiriyas, kuma ya wuce a yi masa aiki. Iyali su dage da hidima, yau gwaten acca, gobe sakwara da miyar manja. Yana ci gwargwadon hali, amma kullum sai ƙara ramewa yake yi. Daga nan sai a fara zargin sammu. Alhali kuwa sau da yawa dalilin yana cikin hanjinsa.

Fankiriyas wani nama ne mai tsawon kamar santimita 15, yana kwance a bayan tumbi. Shi ke tsatso ruwan da ke narkar da mai da nama da tsaba a cikin hanji. Idan ƙari ya toshe hanyar ruwan nan, sai abinci ya wuce bai narke ba. Alamarsa ita ce kumburin ciki, da yawan iska, da bayan gida fari-fari mai maiƙo da ɗoyi, wanda ke tasowa a kan ruwa.

To, wannan kam yana da magani. Akwai ƙwayoyi da ake kira fankiriyatin, sanannensu shi ne Creon, waɗanda ke maye gurbin ruwan da ya yanke. Ba su kashe ciwon daji, kada wani ya ruɗi majiyyaci da haka. Amfaninsu shi ne abinci ya zauna a jiki, gudawa ta lafa, ƙarfi ya ɗan dawo, har mutum ya iya jure sauran magunguna. A shekarar 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce a riƙa ba da su ga duk wanda ciwon nan nasa ya wuce aiki.

Amma fa shansu yana da ƙa'ida. Ana haɗiye su ne tare da lomar farko, da ruwan sanyi, ba da shayi ko kunu mai zafi ba, domin zafi yana kashe ƙarfinsu. Ba a tauna su, ba a daka su. A ajiye su wuri mai sanyi, ba a aljihu ko bakin taga ba. Likita ne ke yanke adadi, ya kuma ƙara idan gudawa ba ta tsaya ba. Kuma kada a hana majiyyaci abinci mai maiƙo don tsoron gudawa, domin ƙara masa rama za a yi.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa daga jikin alade ake samo maganin. Malamai da dama sun yi sassauci ga Musulmi saboda lalura, tunda har yanzu ba shi da madadi. Mai shakka ya tuntuɓi malaminsa da likitansa.

Maganin yana da tsada, ba kuma kowane kanti ke da shi ba. Duk da haka, mai jinya da ya ga alamomin nan ya daure ya tambayi likita a babban asibitin Kafanchan ko inda ake duba majiyyacinsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.