Mai Karaya a Idon Sawu: Maganinsa, Tsarkinsa da Sallarsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako za mu tsaya a kan wata mas'ala wadda 'yan'uwa suka yawaita tambayarmu game da ita, musamman daga Kiyako da sauran garuruwan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda babur ya zama jakin kowa. Da shi ɗan kasuwa yake cin kasuwannin ƙauye, da shi malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramar hukuma suke zuwa wurin aiki. Babur kuwa idan ya kayar da mutum, sau da yawa ƙafa ce take fara isa ƙasa, karayar ta faɗa a idon sawu. Tambayoyin da ake yi mana ba su wuce uku ba: shin ya halatta Musulmi ya yarda a tsaga shi a sa masa ƙarfe, yaya zai yi alwala da ƙafa a ɗaure, kuma yaya zai yi salla tun da an hana shi takawa?

Ya kamata mu fara sanin wurin da ake magana a kansa. Idon sawu mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: babban ƙashin ƙwauri, da siririn ƙashin da yake gefensa ta waje, da wani ƙashi da yake zaune a tsakaninsu daga ƙasa, wanda nauyin jiki duka yake sauka a kansa. Waɗannan tuddai biyu da kowa yake tattaɓawa a gefen ƙafarsa su ne ƙarshen ƙasusuwan ƙwaurin nan biyu, kuma su ne iyakar da ayar alwala, aya ta 6 a Suratul Ma'ida, ta sanya wa wankin ƙafa. Watau ke nan wannan karaya tana faɗawa ne daidai wurin farilla, shi ya sa hukuncinta ya shafi kowace salla ta mai jinya.

Mas'ala ta farko ita ce ta neman magani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik. Neman magani ba ya rushe tawakkali, domin shugaban masu tawakkali da kansa ya sa an ajiye Sa'adu ɗan Mu'azu a hemar Rufaida, a masallacin Madina, don a yi jinyar raunin da ya samu a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Tiyata kuma ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya rubuta littafinsa At-Tasrif kashi 30, ya keɓe kashi na ƙarshe ga aikin tiyata, da babi sukutum a kan ɗori, har da zanen kayan aiki. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan magani.

Amma batun sa ƙarfe a jiki, hujjarsa a fili take. An yanke wa sahabi Arfajatu ɗan As'ad hanci a wani yaƙi na zamanin Jahiliyya, ya yi wani na azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah ya umarce shi da ya yi na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun kawo wannan. To, idan an halatta wa namiji zinariya, wadda asalinta haram ce gare shi, saboda larurar jiki, ina ga ɗan faifan ƙarfe da kusoshin da likita zai riƙe ƙashi da su? Wannan ƙarfe ba najasa ba ne, ba ya hana alwala ko wanka tun da a ƙarƙashin fata yake, kuma idan ajali ya riski mutum da shi a jikinsa ba a tsaga gawa domin a cire shi.

Wani zai ce, ina laifin ɗorin gida wanda iyaye da kakanni suka dogara da shi? Ba mu raina masu ɗori ba, akwai gidajen da suka gaji sana'ar kuma Allah Ya warkar da mutane da yawa ta hannunsu. Sai dai hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi yake gani. Karayar da ƙashi bai goce ba takan warke da ɗauri kawai. Amma idan ƙashin ya goce, ko ya karye ta gefe biyu, ko ya huda fata ya fito, to mahaɗar ba za ta koma daidai ba sai an mai da ita an riƙe. Idan ta haɗe a karkace, mutum zai zauna da ɗingishi da ciwon gaɓa har tsufansa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗaurin da aka tamke da kara da tsumma a kan ƙafar da take kumbura, har jini ya kasa wucewa, naman ya mutu ya ruɓe. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa da cewa ana kawo musu irin waɗannan bayan aski ya zo gaban goshi, lokacin da babu abin da ya rage sai yanke ƙafa domin a ceci rai.

Saboda haka shawararmu ga mutanen wannan yanki ita ce a fara da hoto. Asibitin Tarayya yana nan a Birnin Kudu, idan kuma aikin ya buƙaci ƙwararru ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Mun san kuɗin tiyata yana da nauyi, amma araha ba ta ado, kuma ɗan kasuwar da ya ji tsoron taɓa jarinsa ya rasa ƙafa, ya yi asarar jarin da abin nemansa gaba ɗaya. Mai ɗori kuma ya ji tsoron Allah ya san iyakar saninsa. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ba, to lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. Wannan hukunci ya hau kan mai ɗori, ya hau kan mai kantin magani da ya mai da kansa likita.

Mas'ala ta biyu ita ce ta tsarki. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, sun jera hukuncin daki-daki. Idan wanke wurin ciwo zai cutar, ko ya ƙara ciwon, ko ya jinkirta warkewa, sai a shafa a kansa. Idan shafar ma ba za ta yiwu ba, sai a shafa a kan maganin da aka ɗora, idan an naɗe shi da bandeji ko simintin asibiti sai a shafa a kan naɗin. Mai karaya zai yi alwalarsa cikakkiya, ya wanke lafiyayyar ƙafarsa, sa'an nan ya jiƙa hannu ya shafi ɗaurin sau ɗaya, ya game abin da ya rufe wurin farilla. Danshin hannu ya wadatar, domin simintin nan ruwa yana lalata shi. Yatsun da suke a waje kuwa sai a wanke su a hankali, yadda ruwa ba zai kwarara ciki ba. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya kai ga ƙafarsa, ya halatta wani ya taimaka masa.

Wannan shafa ta bambanta da shafar huffi. Ba a sharɗanta cewa sai an ɗaura da alwala ba, kuma tana isarwa a wankan janaba kamar yadda take isarwa a alwala, kuma ana ci gaba da ita muddin larurar tana nan. A mazhabarmu ba a haɗa ta da taimama, ko da yake Shafi'iyya suna haɗawa. Idan an kwance ɗaurin domin wanke ciwo aka mayar, mai alwala sai ya sake shafa nan take. Idan ya faɗi ana cikin salla, sai a yanke sallar, a mayar, a shafa, a sake ta daga farko. Ranar da aka cire shi ƙafa ta warke, idan mutum yana da alwala sai ya gaggauta wanke wurin. Jinin da yake ɗan tsattsafowa daga ɗinki ba ya karya alwala a wurin Malikiyya, kuma ɗan kaɗan ɗinsa abin rangwame ne a tufafi.

Muna gargaɗin masu saurin ba da fatawa a ɗakin mara lafiya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, janaba ta same shi, abokansa suka ce ba su ga yana da rangwame ba, ya yi wanka ya mutu. Manzon Allah ya zarge su zargi mai tsanani, ya nuna cewa tambaya ce ta kamace su tun da ba su sani ba.

Mas'ala ta uku ita ce ta salla. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah ya faɗo daga kan doki ya ji ciwo har ya yi salla a zaune, ya kuma ruwaito cewa ƙafarsa mai albarka ta taɓa gocewa. Don haka babu wanda zai ga ƙasƙanci a sallar zaune. Ya kuma umarci Imrana ɗan Husaini, da ciwo ya dame shi, ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san jerin: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sa'an nan kwanciya a gefen dama, ko hagu, ko rigingine. Wanda likita ya hana shi ɗora nauyi a ƙafa, tsoron gocewar ƙashi uzuri ne karɓaɓɓe, sai ya zauna.

Sai dai akwai kuskuren da ya yaɗu game da kujera. Wanda zai iya zama a ƙasa ya miƙe ƙafarsa ya kai goshinsa ƙasa ba tare da cutuwa ba, sujada ba ta faɗi a kansa ba, domin abin da aka kasa shi kaɗai ake ɗauke wa mutum. Wanda ba zai iya ba, ya zauna a kujera ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa, ba sai an ɗago masa matashi zuwa goshi ba. Juma'a da jam'i sun faɗi a kansa har ya sami ikon zuwa. In limami ne, ya wakilta wani, domin a mashhurin mazhaba mai zama ba ya jan masu tsayuwa. Abu guda da ba shi da rangwame shi ne barin salla da cewa sai an warke a rama. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa mara lafiya ba ya jinkirta salla muddin yana cikin hankalinsa.

Ranar tiyata, idan allurar baya za a yi, wadda take kashe rabin jiki hankali yana nan, lokacin salla yana kan mutum, ya yi ta yadda ya iya. Idan kuwa za a sa shi barci, alwalarsa ta warware, kuma Risala ta ba wanda yake tsoron gushewar hankali damar haɗa Azahar da La'asar a farkon lokacin Azahar, ko Magariba da Lisha a farkon lokacin Magariba. Wadda ta kuɓuce masa yana cikin barcin, abin da ya fi tsentseni ya rama ta. Idan jinyar ta faɗo a watan Ramadan, kuma akwai maganin da dole a sha da rana, aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba shi damar ya sha ya rama.

Ya rage mu yi magana a kan zaman jinya, domin a nan ne da yawa suke ɓata aikin da aka yi musu. Ƙashin idon sawu yakan ɗauki kimanin mako 6 kafin ya kama, wani ya fi haka, musamman mai ciwon sukari da mai shan taba. Bayan nan sai gashin ƙashi da koyon takawa, kumburi kuma yakan yi watanni yana zuwa yana tafiya. Ɗan kasuwar da ya ji zafi ya ragu a mako na uku, ya jefar da sanduna ya hau mota zuwa Kantin Kwari ko Dawanau, ya tuna cewa sauri ya haifi nawa. Ya wakilta amintacce, ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa. Ma'aikacin gwamnati kuma ya karɓi hutun da likita ya rubuta masa da zuciya ɗaya, haƙƙinsa ne. Amma ya roƙi a ƙara masa kwanaki a takarda bayan ya warke, yana karɓar albashi yana harkokinsa, wannan shaidar zur ce da cin dukiyar jama'a.

Masu jinya su lura da waɗannan alamu: yatsu su yi sanyi ko su yi baƙi ko su daina ji, zafi ya riƙa ƙaruwa ba ya jin magani, wari ko ruwa ya fito daga ɗauri, zazzaɓi ya taso, sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. Kowace daga ciki aka gani, a koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Masu zuwa dubiya kuma su taƙaita zama, su yi addu'a, su bar kawo shawarwarin da za su sa a kwance abin da likita ya ɗaura. Wanda yake da hali ya sa hannu a aljihu, domin magidancin da ya kwanta wata biyu, tukunyar gidansa ita ma ta kwanta. Idan jinya ta jefa shi cikin talauci ko bashi, ya shiga cikin waɗanda zakka take halatta gare su.

Kai kuma ɗan'uwa da kake kwance, ka yi bushara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa babu wata wahala da za ta sami Musulmi, ko da ƙaya ce ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita. Buhari kuma ya ruwaito daga Abu Musa cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa yana lafiya. Sahun farko da ka saba tsayawa, da nafilar da ka saba yi, suna nan a littafinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kiyaye matafiyanmu, Ya fahimtar da mu addininSa. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.