Bindiga Ɗaya, Dokoki Hamsin: Darasi Ga Masu Bi Daga Muhawarar Amurka

'Yan'uwa cikin Kristi, duk lokacin da aka kai hari ƙauyukanmu ko majami'unmu, mukan ji wasu na cewa da muna Amurka, da kowa ya riƙe bindigarsa ya kare iyalinsa. Zafin zuciyar da ke haifar da wannan magana mun san shi, domin mun binne 'yan'uwa da yawa. Amma ya kamata mu san yadda abin yake a can kafin mu mai da shi abin koyi.

Gyara na biyu a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya amince da 'yancin mallakar makami da ɗaukarsa. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce 'yancin na kowane mutum ne a gidansa, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga domin kare kai. Duk da haka, jihohi hamsin ɗin kowace da dokarta. Fiye da rabinsu suna barin baligin da doka ba ta hana ba ya ɗauki bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba. Wasu kuwa, irin su Niyok da Niyu Jasi da Kalifoniya, suna da tsauraran sharuɗɗa, kuma ba sa karɓar lasisin wata jiha. Lasisin tuƙi yana aiki ko'ina a ƙasar, na bindiga kuwa yana iya mutuwa a bakin gada.

A 2013 wata uwar 'ya'ya biyu daga Filadelfiya, mai lasisin jihar Fensilbeniya, ta tsallaka Niyu Jasi da mota. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ita da kanta ta gaya masa akwai bindiga a jakarta. Aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba. Sai bayan doguwar ce-ce-ku-ce aka sassauta, Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Ba ta yi wa kowa barazana ba, ba ta ɓoye kome ba, amma rashin sani bai wanke ta ba.

Akwai dokar tarayya ta 1986 da ke ba matafiyi damar ratsa kowace jiha da bindiga, muddin doka ta halatta masa ita a inda ya taso da inda za shi. Sharaɗin shi ne a cire harsashi, a kulle ta a bayan mota inda hannu ba ya kai wa. Ke nan kariyar ta mai wucewa ce kawai. Wani matafiyi da jirgi ya kuɓuce masa a Niyu Jasi ya karɓi kayansa ya kwana a otal, washegari aka kama shi, daga baya kotu ta ce dokar ba ta rufe shi ba, tunda a daren bindigar tana inda zai iya kai mata hannu. A Disamba 2017 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da zai tilasta wa jihohi karɓar lasisin juna, amma bai wuce Majalisar Dattawa ba. Masu goyon baya na cewa 'yanci ba ya ƙarewa a iyakar jiha. Masu adawa na cewa hakan zai sa jihar da ta fi sakaci ta zama ma'aunin kowa.

Ikkilisiya ma ba ta tsira daga muhawarar ba. A Nuwamba 2017 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 26 a wata majami'ar Baptis a Tekzas. A Disamba 2019, a wata majami'a a jihar, mai gadin sa kai ya harbe maharin cikin daƙiƙu kaɗan, bayan maharin ya kashe mutum biyu. A Niyok kuwa, dokar 2022 ta sa wuraren sujada cikin wuraren da aka hana shiga da bindiga. Wasu fastoci suka kai ƙara, a 2023 aka gyara dokar domin a keɓe masu aikin tsaron wurin. Abin da ke hidima a Tekzas yana iya zama laifi a Niyok.

A Najeriya tsarin ya bambanta. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa batun makamai a hannun gwamnatin tarayya kaɗai, dokar bindigogi ta 1959 kuma tana aiki a kowace jiha. Shi ya sa a 2022, da gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A shekarar ce Gwamna Samuel Ortom na Binuwai ya nemi izinin tarayya domin sayen manyan bindigogi ga dakarun sa kai na jiharsa. Don haka jawabin gwamna ko na wani babba a taro ba lasisi ba ne. Saurayin da aka kama da bindiga a shingen bincike, shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali, kuma hukuncin na iya kai shekara goma.

Me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? A Romawa 13 an danƙa takobin hukunci ga hukuma, wanda ke nufin alhakin kare talaka yana wuyanta, kuma muna da 'yancin tuna mata da babbar murya. A Nehemiya 4 masu ginin garu sun yi addu'a, sun kuma sa masu tsaro dare da rana, amma a ƙarƙashin gwamnan da sarki ya naɗa. A Luka 22 Ubangiji ya yi maganar takobi, a Matiyu 26 kuma ya tsawata wa almajirin da ya zare nasa. Masanan tauhidi sun daɗe da saɓani kan iyakar kare kai, amma babu mai gaskiya a cikinsu da ya ce ramuwa aikin mai bi ce. Bulus kuma ya san dokar Roma sarai, ya yi amfani da ita a Filibi da Urushalima, har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

Saboda haka muna ba da shawara. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Amurka su sani cewa dokar ɗan ƙasa daban take da ta mai biza, kada su taɓa bindiga kan maganar aboki. A gida, kowace majalisar dattawan ikkilisiya ta tsara tsaronta da sanin 'yan sanda da masu unguwa: masu lura da ƙofa, haske, hanyar sanar da haɗari da wuri, da zumunci da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma 'yan bindiga ba su bar su ba. Kada a mai da ɗakin Allah ma'ajiyar makamai, kada kuma dattijo ya tura ɗan wani da abin da shi ba zai ɗauka ba. Mu rubuta wa wakilanmu, mu nemi a hukunta masu kisa, mu yi zaɓe da wannan a zuciya.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya tsare shigarmu da fitarmu. Amin.