Lafiya Uwar Jiki: Wanda Alkama Ta Zame Wa Guba

Akwai wata cuta da likitoci ke kira siliyak, wadda sinadarin gulutin na cikin alkama da sha'ir ke cinye wa mai ita bangon ƙaramin hanji. Sai zawo da rama da ƙarancin jini. Likita Willem Dicke na ƙasar Holan ya tabbatar da laifin alkama a 1950.

Wanda gwaji ya nuna yana da ita, to, shi da burodi, gurasa, taliya da alkaki sai hange har abada, don ƙauracewa ce kaɗai magani. Amma tuwon dawa, masara, shinkafa da acca duk nasa ne. Haɗarin yana gidan biki, inda akan zuba fulawa cikin ɗanwake ko waina. Kada kunya ta hana shi tambaya. Kada kuma uwar biki ta ɗauka raini ne.