Araha Tana Ado: Yawon Ɗalibi a Birnin Sent Luwis

Duk ɗalibin da Allah Ya kai shi karatu birnin Sent Luwis, a jihar Misuri ta tsakiyar Amurka, akwai wata liyafa da waɗanda suka riga shi zuwa sukan yi masa tun bai gama kwance kaya ba. Za a zaunar da shi, a buɗe masa taswirar gari, a ce ga inda ake cin abinci da araha, ga inda ake hira da dare, ga inda ake shiga kyauta. Sa'an nan a ɗora yatsa a kan wani dogon titi mai suna Delmar, wanda ya ratsa garin daga gabas zuwa yamma, a ce masa, "Daga nan zuwa arewa kada ka kuskura." Haka aka yi mana, haka kuma muka iske kanmu muna yi wa waɗanda suka biyo bayanmu.

To, 'yan'uwa, mun zauna mun auna wannan gado da muke miƙa wa juna, muka ga rabinsa alheri ne, rabinsa kuwa yana bukatar gyara. Za mu fara da alherin, domin shi ne abin da aljihun ɗalibi ya fi ƙosawa ya ji.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Da sun zo Sent Luwis da sun sake shawara, domin a nan abubuwan da garin ya fi tinƙaho da su ba a biyan ko kwabo kafin a gan su. A yammacin birnin akwai wani makeken fili mai itatuwa da tafkuna, ana kiransa Forest Park. An buɗe shi a 1876, faɗinsa kusan eka 1,300, wato ya fi shahararren filin nan na tsakiyar birnin Niyok girma. A cikinsa da gefensa akwai gidan namun daji, da gidan zane-zane da sassaƙa, da gidan tarihin Misuri, da cibiyar kimiyya. Dukansu huɗun shiga kyauta ne. Abin da kan ci kuɗi shi ne wurin ajiye mota da wasu nune-nune na musamman, ɗalibin da ya zo a bas ko a ƙasa kuwa wannan bai dame shi ba. Ginin gidan zane-zanen ragowar babban baje kolin duniya ne da aka yi a filin a 1904, kuma akwai sashen kayan Afirka a ciki, wanda ya kamata kowannenmu ya tsaya ya duba da kyau.

Idan lokacin zafi ya zo, akwai dandalin wasan kwaikwayo na fili a cikin wannan wuri, mai suna Muny, wanda ke ɗaukar mutum 11,000. Layuka tara na can baya, kujeru kusan 1,500, an ware su kyauta ga wanda ya riga zuwa. Sai ka yi sammako da yamma, ka riƙo abincinka da ruwanka, ka kalli wasan da na gaba ya biya dala masu yawa ya kalla. A bakin kogin Misisifi kuma ga doguwar bakar ƙarfen nan da ta zama tambarin garin, tsayinta ƙafa 630, an gama ta a 1965. Hawa ƙololuwarta da kuɗi ne, amma gidan tarihin da ke ƙarƙashinta kyauta ne. Kusa da ita akwai tsohuwar kotun da wani bawa mai suna Dred Scott da matarsa Harriet suka shigar da ƙarar neman 'yancinsu a 1846, ƙarar da Kotun Ƙolin Amurka ta ƙarasa a 1857 da hukuncin cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.

Batun ciki kuwa, shawararmu ita ce ɗalibi ya bar unguwar jami'a ya nufi kudancin gari. A titin South Grand gidajen abincin Biyetnam da Tailan da Habasha da na Larabawa suna jere, ga kantunan da ake samun kayan miya irin waɗanda ba a gani a manyan kantuna. A titin Cherokee mutanen Meziko ne, a unguwar The Hill jikokin Italiyawa ne, a wajen Bevo Mill kuwa akwai shagunan mutanen Bosniya waɗanda yaƙi ya koro a shekarun 1990, galibinsu Musulmi. Ranar Asabar da safe a je kasuwar Soulard, inda kayan lambu suka fi na kanti rahusa. Abu biyu kurum za mu ja kunne a kansu. Na fari, naman alade ya ratsa girkin mutanen nan ƙwarai, saboda haka wanda ba ya ci ya tambaya kafin ya ɗiba, matambayi ba ya ɓata. Na biyu, farashin da aka rubuta a takardar abinci ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Za a ƙara haraji, sa'an nan al'ada ta tanadi a ba mai kawo abinci tukwici na kashi 15 zuwa 20 cikin 100, domin akasarin abin da yake samu daga nan yake fitowa. Wanda bai shirya wa wannan ba, gara ya sayi abincin ya tafi da shi ɗaki.

Sai maganar dare. Gaskiya ita ce yawancin hirar dare a Amurka a mashaya ake yin ta, dokar ƙasar kuma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba giya, wurare da dama ma ba sa barinsa ya shiga sai ya nuna shaidar shekarunsa. Da yawa daga cikinmu ba ma sha, ba ma kuma sha'awar zama inda ake sha, wannan kuwa bai hana mu more daren garin ba. Mai son kiɗan bulus da jaz, wato kaɗe-kaɗen da baƙaƙen fatar kudu suka hauro kogi da su, zai same su a Soulard da Grand Center, kuma yana da kyau ya tambayi ko akwai rangwamen ɗalibai. Wanda ya fi son tattaki sai ya je sashen yammacin titin Delmar da ake kira Loop, kusa da Jami'ar Washinton. An dasa taurarin tagulla a daɓen titin, kowane ɗauke da sunan wani shahararren ɗan yankin, irin su Maya Angelou da Miles Davis da Josephine Baker. A nan ne gidan Blueberry Hill yake, inda Chuck Berry ya yi wasa fiye da sau 200 daga 1996 zuwa 2014. A daren zafi kuma mutane kan yi cincirindo a gaban shagon Ted Drewes a titin Chippewa, yara da tsofaffi, kowa a tsaye da kofin daskararriyar madara mai zaƙi, ana ta hira. Wannan dandali ne sosai, kuɗinsa kuwa bai taka kara ya karya ba. Abin kiyayewa shi ne jirgin ƙasa na cikin gari, MetroLink, wanda ya fara aiki a 1993, ba ya kwana yana zirga-zirga. Ka san lokacin jirgin ƙarshe tun kafin ka fita, in ba haka ba abin da ka tattala a wata guda zai tafi a kuɗin motar haya.

Yanzu sai mu yi tambayar da ba a cika yi ba: wa ke biyan kuɗin wannan kyauta da muke ci? A 1971 mutanen birnin da na gundumar da ke kewaye da shi suka kaɗa ƙuri'a, suka yarda a ɗora musu wani ƙarin haraji a kan gidaje da kadarori domin a riƙa ciyar da gidan namun daji da gidan zane-zane da gidan kimiyya. Daga baya aka shigar da lambun tsirrai da gidan tarihi cikin tsarin. Mai gida yana biya kai tsaye, ɗan haya yana biya ta cikin kuɗin haya. Ma'ana, a cikin abin da ke buɗe mana waɗannan ƙofofi har da gumin mutanen arewacin Delmar, waɗanda aka ce mana mu guje su. A nan ne rabin gadon namu da ke bukatar gyara yake.

Arewacin Delmar unguwannin baƙaƙen fata ne, kudancinsa kuwa Turawa sun fi yawa, kuma bambancin darajar gidaje da samun kuɗi tsakanin ɓangarorin biyu yana da girma har ya zama abin misali a faɗin Amurka. Wannan rabo da hannu aka yi shi. A 1916 masu zaɓe a birnin suka amince da dokar raba unguwanni bisa launin fata. Da Kotun Ƙoli ta soke irin waɗannan dokoki a 1917, sai masu gidaje suka koma rubuta sharaɗi a takardun ciniki cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Shari'ar da ta karya ƙarfin wannan sharaɗi a 1948, ta Shelley da Kraemer, a kan wani gida ne da ke titin Labadie a arewacin wannan gari. A 1959 aka fara rushe unguwar Mill Creek Valley da sunan gyaran birni, aka tashi mutane kusan 20,000, galibinsu baƙaƙe. Masu hali suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, har birnin da ke da mutum sama da 850,000 a 1950 ya koma kusan 300,000 a ƙidayar 2020. Kangayen da baƙo ke gani a arewa, wannan shi ne tarihinsu.

Duk da haka, a can ne unguwar Ville take, inda makarantar sakandare ta Sumner ta zauna. An kafa ta a 1875, ita ce ta farko ta baƙaƙen fata a yammacin kogin Misisifi, kuma Chuck Berry da Tina Turner da Arthur Ashe duk sun zauna a azuzuwanta. A can ne gidan tarihin baƙar fata na Griot yake, a can ne kabarin Dred Scott yake a maƙabartar Calvary, a can ne tsohon shagon alewa da abinci na Crown Candy yake tun 1913. Ashe muna tafi da shewa ga kiɗan Chuck Berry a kudu, alhali muna tsoron taka unguwar da ta haife shi. Kuma kada mu manta, Jami'ar Sent Luwis ba ta karɓi ɗalibai baƙaƙe ba sai a 1944, Jami'ar Washinton kuwa ba ta buɗe musu karatun digirin farko ba sai a 1952. Kujerun da muke zaune a kai yau, kakannin mutanen nan ne suka sha wuyar buɗe su. Abin kunya ne ɗan Afirka ya sauka jiya, yau ya ari bakin wasu yana yi musu kallon raini.

Mun san abin da wani zai ce. Zai ce iyayenmu karatu suka aiko mu, ba yawon unguwanni ba, kuma garin nan ya yi ƙaurin suna wajen harbe-harbe. Ba mu musa ba. Sent Luwis ta daɗe tana cikin biranen Amurka da kisan kai ya fi yawa idan aka gwada da yawan jama'arsu, akwai kuma titunan da ɗan gari kansa ba ya ratsawa da tsakar dare. Ba mu ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba, rigakafi ya fi magani. Abin da muke cewa shi ne hattara daban, ƙyama daban. Mai hattara yakan tambayi wane titi, wane lokaci, da wa za a je. Mai ƙyama kuwa layi ɗaya yake ja ya shafe rabin gari da mutanensa. Ai a kudun ma ana fasa gilashin mota, ba mu kuwa ji wanda ya ce a daina zuwa can ba.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. A je da rana, a je biyu ko uku, a je tare da abokin karatu ɗan unguwar, domin baƙo ko yana da ido makaho ne. A san inda aka nufa tun daga gida. Kada a bar jaka ko kwamfuta a fili cikin mota, a arewa ko a kudu. Kada a ɗaga waya ana ɗaukar hoton gidajen mutane kamar an je kallon namun daji. A gaisa, a sayi abinci a shagunansu, a saurara. Guguwar da ta afka wa garin ranar 16 ga Mayu, 2025, ta yi kisa ta lalata dubban gine-gine, kuma unguwannin arewa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ɗalibin da ya ba da Asabar guda ga aikin gayya a can zai san garin fiye da wanda ya shekara huɗu tsakanin aji da ɗakin kwana.

Ga 'yan'uwanmu na gida, musamman waɗanda suka fara aikin gwamnati, akwai abin lura guda biyu a labarin nan, kuma duk daga ofis suka fito. Takarda ce aka sa wa hannu ta buɗe gidan namun daji ga ɗan talaka fiye da shekara 50, takarda ce kuma aka sa wa hannu ta tashi mutum 20,000 daga gidajensu. Wata rana irin waɗannan takardu za su zo teburinmu.

Mu dai a namu ɓangaren mun yi alkawari, baƙon da zai zo bana za mu buɗe masa taswirar gaba ɗayanta. Za mu nuna masa Forest Park da kasuwar Soulard, mu gaya masa lokacin jirgin ƙarshe, sa'an nan mu raka shi Ville da ƙafarmu. Allah Ya tsare mu a baƙunci, Ya mai da mu gida lafiya da ilimi mai amfani, amin.