Masu shagon waya, mu nemi lauya tun kafin rigima ta zo

Yawancinmu masu gyara da sayar da waya ba ma tunawa da lauya sai ranar da 'yan sanda suka tsaya a ƙofar shago. A lokacin kuwa kuɗin ya riga ya ninka, ga shago a rufe, ga masu kawo gyara suna ta kira.

Rigimar da ta fi cin mutane a wannan sana'a ita ce ta wayar hannu. Yaro zai shigo da waya ya ce tasa ce, ka duba allo da batir, ku yi ciniki, ya tafi. Bayan wata biyu a bi sawun wayar ta lambar IMEI har hannun wanda ka sayar wa, shi kuma ya nuno ka. Karɓar kayan sata da sani laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma "wallahi ban sani ba" ba ta da nauyi idan babu takarda a hannunka.

Takardar ba wani abu mai wuya ba ce. Ka danna *#06#, lambar IMEI za ta fito. Ka rubuta ta a risit tare da sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, kwanan wata da farashi, ya sa hannu, ka ɗauki hoton katin shaidarsa. Wanda ya ƙi, ka bar masa wayarsa komai arharta. Gyara ma haka: a rubuta halin da waya ta zo, musamman wadda ta sha ruwa, da cewa hotuna da lambobi na iya gogewa wajen filashin.

A nan lauya yake da amfani. Ra'ayina, masu shaguna goma ko ashirin a layi ɗaya, ko a Farm Centre ta Kano ko a ƙaramar kasuwar gari, su haɗa kuɗi su biya lauya ɗaya ya tsara musu risit da yarjejeniyar yaron shago, kowa ya buga ya ajiye. Ya duba musu takardar hayar shago ma, don da yawa ba ma karanta ta.

Rijistar sunan kasuwanci kuma kana iya yinta da kanka a shafin hukumar CAC. Masu POS sun ga yadda aka matsa musu a kanta a 2024.

In bashi ne wani ya riƙe maka, Kano na da kotun ƙananan ƙararraki da ba dole sai da lauya ba. Amma can ma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne shaida, don haka kada ka goge hirarku ta WhatsApp da sakon tura kuɗi.