Bakwaini na jiran likita mai bincike

Akwai masu cewa ƙasar da likitocin yara ba su ishe ta ba, bai kamata ta tura su bincike ba, wai su tsaya bakin gadon maras lafiya kawai. Wannan gurguwar shawara ce, kuma jarirai ne ke kwana ciki.

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika sati 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi miliyan 13.4 irinsu a 2020, kuma matsalolin wannan haihuwa ne kan gaba wajen kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5.

A 1978, a Bogota ta Kolambiya, kwalaben renon bakwaini suka yi ƙaranci. Likitan yara Edgar Rey ya sa uwaye mata su ɗaura jariransu a ƙirji, fata da fata. Da ba a auna dabarar an rubuta sakamakonta ba, da ta tsaya a asibiti guda. Yau duniya na aiki da ita.

Nan gida ma, a Madarunfa aka gwada rigakafin gudawa mai jure zafi, sakamakon ya fito a 2017. Ke nan bincike bai fi ƙarfinmu ba.

Wa zai auna yadda zazzaɓin sauro, zafin bazara da cikin ƙuruciya ke jawo haihuwar bakwaini a ƙauyukanmu, in ba likitocinmu ba? Gwamnati ta ba jami'o'in Yamai, Damagaram da Maraɗi kuɗin horar da su. Malammai, ku saba wa yara da tambaya da awo. Uwaye, ɗiyarku in ta ce likita za ta zama, kada ku cire ta daga lakkol.