Ingilishi Ma Da Aro Ya Girma

A Minna akwai waɗansu 'yan boko masu raina Hausa, wai harshen aro ne, tun da ta ɗauko "littafi" daga Larabci, "galadima" daga Barebari, "tasha" da "tikiti" kuwa daga bakin Turawan reluwe, waɗanda layinsu ya taso daga Baro, ya ratsa Minna, ya isa Kano a 1911. To, laifi tudu ne. Ingilishin da suke taƙama da shi ya fi ta cin bashi.

A ƙarni na 5 ne ƙabilun Angil da Sakson suka ƙetaro daga arewacin Jamus zuwa tsibirin Birtaniya da harsunansu. Sunan Ingila ma daga na Angil ya fito. A 597 masu wa'azin Kirista suka zo daga Rum da Latin. Daga baya maharan Denmak da Norwe suka zauna, suka bar nasu kalmomin. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar, Faransanci ya zama harshen fada, Ingilishi ya koma na talakawa. Sai a 1362 aka yi dokar yin shari'a da shi, a 1476 kuma Kakston ya kafa maɗaba'a ta farko a ƙasar.

Ashe aro ba abin kunya ba ne. Abin da ya fara ɗaukaka Ingilishi shi ne masu shi sun riƙe abinsu, sun yi ta rubutu da shi. Uban da zai hana ɗansa karatun Hausa saboda gorin aro, ya dubi wannan tarihi tukuna.